Saki reshe kama ganye, da "let go" na Bature

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Shekaranjiya maigidan wani abokina ya kira shi ofis ya ce masa, "we have to let you go." Bawan Allah ya yi godiya, ya zaci an ba shi izinin komawa gida da wuri ne. Washegari mai gadi ya tare shi a bakin ƙofa. Da na ba Baba labari sai ya ce, "Ai shi ya saki reshe ya kama ganye," don abokin nawa aikin koyarwa ya bari ya koma can saboda albashi. Shin wannan "let go" da sakinmu abu guda ne?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ɗan Auta. Tushensu guda ne, buɗe hannu. Kana riƙe da igiyar guga aka ce "let go", to ka sake ta. Ɗan sanda ya ce "let him go", sakin gaske ne. Amma a bakin maigida kora ce aka yafa mata mayafi, kamar dama kai ne ke fizge-fizge shi kuma ya tausaya ya buɗe maka hannu. Kada mu yi musu dariya da yawa, mu ma "an sallame shi" muke cewa, alhali sallama ban kwana ce. Sai "let it go", wato a bar maganar ta wuce. Ƙannenta biyu: "let off" ga mai laifin da aka ƙyale ba hukunci, "let out" ga wanda aka buɗe wa ƙofa, har tela in ya buɗa rigar da ta matse.

Hajiya Babba: Malam, Turancin na bar maka. Amma ɗana, karin maganar Babanka ba nan ne gurbinta ba. Wanda ya bar abin da ke hannunsa don kwaɗayin wanda bai samu ba, sakin na hannu ya yi, kamun na guje. Ko a tuna masa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Reshe da ganye kuwa na wanda ya bar gundarin magana ne ya kama gefe. Gida na yoyo, kai kana faɗa a kan kalar fenti.

Direban Tirela: Hajiya, a gafarce ni, ina bayan Baba. Ki duba hoton da kyau. Mutum ne a kan bishiya. Reshe ne ke ɗauke da shi, ganye kuwa kyau gare shi amma tsinkewa zai yi. Aikin koyarwa ko albashinsa ba ya isa, reshe ne. Wancan kore shar, ga shi ya tsinke. Na guje kuma ai ba a kama shi, shi kuwa abokin nan ya kama, har ya ci albashin wasu watanni.

Hajiya Babba: To, wannan ka kawo hujja. Amma dai yadda na taso ina ji, an fi jefa ta wajen gardama da sha'anin mulki.

Malamin Turanci: Abin da ya ja hankalina shi ne, a karin maganarmu saki gargaɗi ne kusan kullum: kada ka saki wannan, kada ka saki wancan. Bature kuwa in ya ce "let it go" yabon sakin yake yi. Mu a nan haƙuri muke kira, ko yafiya.

Amarya: Malam, ba kullum ba. Sakin fuska fa? Baƙo ya saki jiki fa? Saki ɗaya ne mu mata ba ma son ji, shi ma Bature da wata kalma daban yake kiransa.

Ɗan Auta: Hajiya, Malam, na gode, amma kun fara sakin layi. Abokin nawa yana tambaya ko akwai wanda ya san makarantar da ke neman malamin lissafi.