Ɗan marigayiya ƙanwata ya mai da 'yan bes danginsa, in raba su ko in bar shi?

Mman Zainabu (Aboabo, Kumasi):
Salamu alaikum jama'a, ina neman shawara don Allah. Ƙanwata ta rasu ta bar min ɗanta, yanzu shekararsa 16, ubansa ya ƙara aure can Tacimaŋ ko waya ba ya kira. Yaron ya rubuta BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, bai samu yadda ake so ba, firi SHS ɗin ma, wato babbar sakandare ta kyauta, ya ce shi ba za shi ba, tun daga nan ya daina magana a gida, in ya ci abinci sai ya fice bes, wato majalisar samarin da ke bayan layinmu, suna ta dafa ataya har sha biyun dare. Na yi faɗa, na kai ƙararsa wajen kawunsa, a banza. Amma abin da ya ɗaure min kai, kwanaki zazzaɓi ya kayar da shi ina Kejetia wajen kayana, waɗannan yaran da nake zagi su suka sa shi a pragya, keke mai ƙafa uku, suka kai shi asibiti, suka haɗa kuɗin magani da 'yan sidi-sidinsu, ɗaya ma a wajensa ya kwana. Da na ce ya rabu da su sai ya ce min "Mma, su ne 'yan uwana." Wallahi maganar ta soke ni, ni da nake ci da shi. Yaya zan yi?

Baba Nima:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanwarki. Ni ɗan bes ne, a Nima na tashi a hannun matar uba, kuma in ba don abokaina ba da Allah kaɗai ya san inda zan ƙare. A gida ba mai tambayata ko na ci, a bes kuwa in mutum ɗaya ya sayi waakye to hannu biyar ne a cikin ganyen, in ba ka fito ba a biyo ka har ɗaki a ji lafiya. Yaron da uwa ta rasu uba ya juya masa baya, abin da yake nema ke nan, wurin da in babu shi za a san babu shi, kuma a can ba mai yi masa gorin abinci ko tuna masa ya faɗi jarrabawa. Maganar da ya faɗa miki ba raina ki ya yi ba. Wani babban yaya a bes ɗinmu shi ya ja ni wajen mastansa na koyi walda, yau da ita nake riƙe iyalina, ranar aurena su suka ɗauki komai, har yanzu yarana baba suke ce musu. Kar ki raba su da ƙarfi, ɓoye miki zai fara yi.

Hajiya Asawase:
Baba Nima ka yi sa'a ne, ba kowane bes ba ne haka. Mun ga yaran da aka fara da ataya aka ƙare da tramol, mai 225 ɗin nan da ko izinin sayar da shi babu a ƙasar nan, wasu kuma sakawa, wato damfarar intanet, da caca a waya. Su ma ai suna kai juna asibiti, hakan bai hana su lalata juna ba. 'Yar uwa ki bincika wane ne babba a wurin, me yake yi, daga ina kuɗinsa ke fitowa.

Malam Sawaba:
Duk ku biyun kuna da gaskiya. Zumuncin da ba na jini ba addini ya san da shi, lokacin da aka yi hijira zuwa Madina Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, kamar Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'. Mu kanmu a zango haka kakanninmu suka zauna, Bahaushe da Bamoshe da Bazabarme da Dagomba, baƙo ya sauka wajen maigida ya zama ɗan gida. Ina karantarwa a makaranta, na lura yaro mai damuwa abokinsa yake fara faɗa wa kafin ya faɗa wa babba, to abokan nan su ne ƙofarki. Mman Zainabu, ki dafa tuwo ranar Juma'a ki ce ya kira miki su ki yi musu godiya kan maganar asibitin, ki san sunayensu da gidajensu, ki karɓi lambar wanda ya kwana da shi. In sun shigo za ki gane masu sana'a da marasa yi, mai shan wani abu ma idonsa da maganarsa za su nuna. In kin ga alamar ƙwaya, a nan kam sai a sa kawunsa da limamin unguwa a ciki, kar a jira.

Mman Zainabu (Aboabo, Kumasi):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tambaya, wanda ya kwana da shi ɗin fita, wato gyaran mota, yake koyo a Suame Magazin, unguwar makanikai, kuma na san uwarsa, koko take sayarwa bakin masallaci. Gobe in sha Allah zan je wajenta. Wanda ya san nawa mastoci ke karɓa yanzu kafin su ɗauki yaro koyon fita, don Allah ya faɗa min in fara tarawa.