Muhawara: Rediyo ne ya ɗaga "Sultans of Swing", ko hannun mai jita?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Jama'a, ga maganar da nake so mu tattauna, ko da yake na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, waƙar "Sultans of Swing" ta ƙungiyar Dire Straits rediyo ne ya ɗaga ta. A watan Yulin 1977 samarin nan huɗu ba su da kamfani, ba su da kuɗi, sai suka shiga wani ƙaramin situdiyo mai suna Pathway a Landan suka ɗauki waƙoƙin gwaji, suka miƙa wa Charlie Gillett, mai gabatar da shirin Honky Tonk a gidan rediyon BBC na Landan. Shawara kawai suka je nema, amma mutumin ya sa waƙar a shirinsa, kuma ba a daɗe ba kamfanin Phonogram ya ƙulla yarjejeniya da su. Da kaset ɗin ya faɗa hannun wani, da yau ba wanda ya san sunansu.

Mai Jita: Baba, ina girmama shekarun da ka yi a wannan aiki, amma ka tsallake tambayar farko. Mai shiri irin Gillett ba ya rasa masu kawo masa kaset, to me ya sa wannan ɗin ne ya tsayar da shi? Mark Knopfler, mawaƙi kuma mai jitar ƙungiyar, da yatsunsa yake kaɗa jita, ba ya amfani da ɗan robar da akasarin makaɗa ke riƙewa, shi ya sa sautin ke fita tsaf, kowane kaɗi a rarrabe. Shi da kansa ya bayyana cewa da farko a kan jitar ƙarfe ƙirar National ya tsara waƙar, kuma ba ta gamsar da shi ba, sai da ya sayi jitar lantarki ƙirar Fender Stratocaster a 1977 sannan ta yi rai. Wannan canjin ya faru ne tun kafin wani gidan rediyo ya ji ta.

Malama: Ku yi haƙuri, amma dukanku biyu kun bar wani giɓi. An sake ɗaukar waƙar a situdiyon Basing Street a watan Fabrairun 1978, ƙarƙashin kulawar Muff Winwood, aka fitar da ita a Birtaniya a watan Mayu. Jitar tana nan, goyon bayan Gillett yana nan, amma waƙar ba ta yi kasuwa ba. Lokacin kiɗan "punk" na matasa masu ihu da fushi ne a Landan, sai ga waƙa mai kusan minti shida, mai yawan kalmomi, wadda mawaƙin ke rerawa kamar yana ba da labari. A ƙasar Holan ta fara karɓuwa, daga nan kamfanin Warner Bros. ya kai ta Amurka, inda ta kai mataki na 4 a jadawalin waƙoƙin da ke tashe na mujallar Billboard a 1979. Sai bayan haka 'yan gida suka waiwaye ta, aka sake fitar da ita ta kai mataki na 8 a Birtaniya. Ni kasuwa da dacewar lokaci nake gani a nan.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Malama, ai hujjata kika ƙarfafa. Wa ya kai waƙar kunnen Amurkawa in ba tashoshin rediyonsu ba? Abin da ya canza tsakanin 1978 da 1979 shi ne yawan sa ta a iska, domin ba a ƙara mata ko kaɗi ɗaya ba.

Ɗalibi: Ina neman afuwar manya, ina da ɗan ƙari. Ba wanda ya taɓo abin da waƙar ke faɗa. Knopfler ya taɓa aikin jarida a Yorkshire Evening Post, ya kuma koyar a kwaleji, kuma idon ɗan jarida ne ya ba shi labarin: wani dare ana ruwa ya shiga mashaya a kudancin Landan, ya tarar da makaɗan jaz suna wasa ba kowa sai 'yan tsiraru, amma da suka gama suka gabatar da kansu da wannan suna na sarauta, wato Sultans of Swing. Duk wanda ya taɓa yin aikin da yake ƙauna ba tare da mai yabawa ba zai ji waƙar a jikinsa.

Mai Jita: Ƙanena ya yi gaskiya, amma zan koma kan Baba. A 1979 tashoshin Amurka sun sa ɗaruruwan waƙoƙi dare da rana, kuma yawancinsu an manta da su. Wannan kuwa, a wasan da Dire Straits suka yi a zauren Hammersmith Odeon na Landan a 1983, wanda ya fito a faifan Alchemy, sun ja ta fiye da minti goma, kuma sun yi ta a babban wasan tara tallafi na Live Aid a filin Wembley a 1985. Tsawon nan ya wuce abin da mai shiri ke so ya sa, amma shi ne 'yan kallo ke jira.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ɗana, na yarda cewa hannunsa ne ya sa ta daɗe. Sai dai daɗewa daban, tashe daban, kuma a kan tashe na kafa maganata. Mutanen da suka cika Hammersmith a 1983, a ina suka fara jin waƙar?