Waya daga HDMI zuwa VGA ta ƙi nuna hoto, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a Yelwa, nan Bauchi, kuma ina da tsohuwar monita mai ramin VGA kaɗai, wannan shuɗin mai ƙofofi 15. Lafiyarta ƙalau, shi ya sa ban ga dalilin yar da ita ba.

Sabuwar laftof ɗina ramin HDMI kawai gare ta na jona monita. Na sayo waya mai kan HDMI a gefe ɗaya, VGA a ɗayan, na jona, allon ya tsaya baƙi ƙirin. Wani ƙanena ya ce asarar kuɗi na yi, wai HDMI siginar dijital zalla take fitarwa, VGA kuwa analog take karɓa, dole sai mai ɗan akwati wadda ke juya siginar a ciki. To amma tsohuwar kwamfutata da ƙaramin kan DVI (wani irin ramin jona monita) zuwa VGA take aiki, babu wani akwati. Ko don tata nau'in DVI-I ce, mai ɗauke da analog tun asali?

Na ari mai akwatin a wajen maƙwabcina. Hoto ya zo, sai dai yana ɗaukewa yana dawowa. Shin wutar 5V ɗin HDMI ce ba ta ishe ta ba, in nemi wadda ake ƙara wa wuta ta USB? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini kafin in sake kashe kuɗi.