Wai da gaske ana gwada dutsen gwal da na'urar nukiliya a Samaru?

Baban Hafsa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya dawo daga wajen Birnin Gwari da rabin buhun dutse, ya rantse akwai gwal a ciki, wai in zuba kuɗin shagona mu yi haɗaka. Ni dai ban ga komai ba sai ɗan ƙyalƙyali. An ce min a Samaru akwai na'urar nukiliya mai faɗin abin da ke cikin dutse. Haka ne? Kuma ba za ta mayar da dutsen guba ba?

Malama ta Barnawa:
Wa'alaikumus salam Baban Hafsa. Haka ne, tana CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sunanta NIRR-1, ƙirar Sin ce, ƙarama, ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kimanin kilowat 30. Da ita na yi gwajin ƙasa lokacin digirina na biyu.

Buhunka ba ya shiga ciki. Niƙa dutsen ake yi ya zama gari, a ɗebi abin da bai kai rabin giram ba, a rufe cikin 'yar roba, a tura shi inda niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da na'urar ke fitarwa, za su dake shi. Daga nan kowane sinadari sai ya riƙa fitar da hasken gamma irin nasa (haske ne da ido ba ya gani, sai na'ura), kamar yadda kake gane muryar kowa a gidanku ko da a duhu ne. Na alminiyam yana raguwa da rabi cikin minti 2 da 'yan daƙiƙu, na sodiyam awa 15, na gwal kuwa kwana 2.7. Shi ya sa ake jiran 'yan kwanaki hayaniyar sodiyam ta lafa kafin a karanta gwal. Wannan ɗan garin yana zama a cibiyar, sauran dutsenka kuwa babu abin da zai taɓa shi.

Tsohon Mahaƙi:
Malama ta yi bayani, amma ɗana, ka lura da rabin giram ɗin nan. Gwal ba ya bazuwa a dutse kamar gishiri a miya. Ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin samfur, takarda ta nuna ka yi arziki. Ta kuskure, a ce babu komai. Kuma wa ya tsinto duwatsun? Mai neman kuɗinka ai masu kyau zai zaɓo. A ɗebo daga wurare daban-daban na ramin, a gabanka. Don gwal ni na fi yarda da gwajin narkarwa, mai cin giram 30 zuwa 50.

Malama ta Barnawa:
Gaskiyarka Baba. Na manta abu ɗaya: wannan gwajin yana ganin sinadarin guba na asenik sosai, amma ba ya kama dalma yadda ya kamata, sai an nemi wani gwajin daban. Don Allah kada a daka dutsen a cikin gida. Dalmar da ke cikin ƙurar irin wannan dakan ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Baban Hafsa, Tudun Wada:
Innalillahi, har ƙanin nawa ya fara dakawa a tsakar gida da turmin ƙarfe, yara na wasa a gefe. Yanzu na sa an fitar da buhun, an wanke wurin. Malama, garin guda nawa zan kai, kuma a leda ko a kwalba?