Kififiya da kwaɗi da kifi a tafki ɗaya: wa ya taɓa gwadawa?

Mai Bado: Assalamu alaikum. Ina da ɗan tafki a bayan gida, tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfin tsakiyarsa ya kai ƙugu. Koi huɗu ne a ciki, wato manyan kifayen adon nan masu launi-launi, da jajayen kifin adon nan masu dogon bindi guda goma. Kwaɗi kuma su suka kawo kansu. To wani abokina zai yi ƙaura, ya roƙe ni in karɓi kififiyarsa, irin mai jan zane a gefen kai. Ina jin nauyin ce masa a'a, ina kuma tausayin kifina. Don Allah wanda ya taɓa haɗa su ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Lambu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, irinta na riƙe shekara shida. Da na kawo ta ba ta wuce tafin hannun yaro ba, kuma a lokacin ne ta fi ɓarna, domin ƙanananta nama suka fi so, sai sun girma suke karkata ga ganye. Sati uku ban ga komai ba. Wata safiya na tarar da kifi ɗaya yana iyo a karkace, bindinsa ya yage kamar tsumma. Washegari wani. Ba cinye su take yi ba, cizo ɗaya take kaiwa ta saki, ciwon ya kama ruɓa, kifin ya mutu a hankali. Guda biyar na rasa kafin na gane, har yau abin yana min ciwo. Duk masu dogon bindin ne, don ba su da sauri. Manyan koi ba ta taɓa samunsu ba.

Badon da kake taƙama da shi ma ka shirya rabuwa da shi. Nawa cikin wata biyu ta mayar da shi kara.

Uwar Biyu: Malam, ni tawa ba ta taɓa kashe min kifi ba, amma sai ka ji dalili. Tafkina ya ninka naka, na jera tukwanen ƙasa da guntayen bututu a ƙasan ruwa, bakinsu kifi zai shige, kififiya ba za ta iya ba. Kuma kullum a cikin baho daban nake ba ta abinci, in ta ƙoshi ta yi kashinta a can, sannan in mayar da ita. Wannan ya rage min dattin ruwa sosai. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne guduwa. Sau biyu tana haura ragar waya, faratanta kama ƙarfe suke yi. Na biyun ƙwai take neman inda za ta binne, ko da yake babu namiji tare da ita. Macen takan yi ƙwai ko babu namiji, in ba ta sami ƙasa mai laushi ba sai ta riƙe shi a ciki, yana iya kashe ta. Yanzu na zuba mata yashi a gefe, na yi katanga mai santsi, na binne gindinta a ƙasa.

Mai Bado: Hajiya na gode. Kwaɗin fa? Su ba wanda ya ce komai a kansu.

Tsohon Masunci: Ɗana, kwaɗin su ne abin tausayi a wannan haɗin, har ma kafin kififiya ta zo. Koi ɗinka yana kwashe ƙwansu tun yana yauƙi, ya bi talibambam ɗaya bayan ɗaya. Na yi shekara biyu ina jin kukansu da dare ban taɓa ganin ɗan kwaɗo ya fito ba. Sai na tare gefe guda da duwatsu, ruwan wurin bai wuce taƙi ɗaya ba, na cika shi da kainuwa da ciyawar ruwa. A shekarar na ga ƙananan kwaɗi kamar farcen yatsa suna tsalle a bakin tafki, na zauna na daɗe ina kallonsu.

Ka lura da ƙwan. In ka ga dunƙule ne, na kwaɗo mai santsin fata ne, kifi na sonsa. In zare ne dogo mai baƙin ɗigo ya naɗe ciyawa, na mai ƙurajen baya ne, talibambam ɗinsa ba daɗi a bakin kifi, sukan tofar. Burduddugi kuwa shi ne yake juya lamarin, duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake, har ɗan kifi. Sannan ka sa katako ko dutse ya gangara cikin ruwa. Na taɓa tsamo kwaɗi uku matattu a tafki mai miƙaƙƙen bango, sun yi ta iyo ba wurin fita har suka gaji.

Malamar Kimiyya: Bari in ƙara abu biyu da suka same ni. Na farko ruwa. Kashin kififiya ɗaya ya fi na kifaye da yawa, amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashi, ta hau a tafkina, kifi suka riƙa tasowa sama suna haki da asuba, lokacin da iska ta fi ƙaranci a ruwa. Dole na ƙara na'urar tace ruwa ta biyu. Da na cika da ruwan famfo kai tsaye kuma, kilorin, sinadarin da ake zubawa don tsabtace ruwan, ya kashe min talibambam a yini ɗaya, domin fatarsu tana shan duk abin da ke cikin ruwa.

Na biyu yara. Kififiya tana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, ko tana da lafiya, shi ya sa tun 1975 Amurka ta hana sayar da waɗanda ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba. Duk wanda ya taɓa ta a gidana sai ya wanke hannu da sabulu. Kuma Malam, wannan mai jan zanen asalinta daga yankin kogin Misisifi ne, macen tana kusan santimita 30, tana wuce shekara 20 a raye. In ka gaji da ita kada ka sake ta a rafi, tana danne na asalin wurin. Tarayyar Turai ta sa ta a jerin baƙin dabbobi masu ɓarna a 2016.

Ɗan Lambu: Gaskiya ne. Kar ka manta da kututturen shan rana, ta fito ta bushe gaba ɗaya, in ba haka ba ƙoƙonta zai ruɓe.

Mai Bado: Allah ya saka da alheri. Na je na auna ta, santimita 18 ce, kuma mace. Zan karɓe ta, amma ba za ta shiga wurin masu dogon bindi ba. Su zan kwashe zuwa babban baho, in bar ta da koi. Gobe zan fara jera duwatsun kwaɗi yadda Baba ya ce, katanga da yashi kuma kafin abokin nawa ya tashi. Hajiya, katangar taki tsawonta nawa ne?

Uwar Biyu: Ta kai gwiwa, kuma samanta ya lanƙwaso ciki. Tun da na yi haka ba ta sake fita ba.