Kuɗin diyyar filayen 'yan asalin Ostiraliya

Ɗalibar_lauya: Salam jama'a, don Allah asusun diyyar filayen Aborijin ('yan asalin Ostiraliya) ɗin nan, me ya sa aka canza dokarsa?

Baban_Ummi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bayan hukuncin Mabo na 1992, inda babbar kotun Ostiraliya ta amince da haƙƙin 'yan asali kan filayensu na gado, aka kafa shi, saboda mutane da yawa an kore su daga ƙasarsu tuntuni, ba su da yadda za su tabbatar wa kotu haƙƙinsu, to sai a saya musu fili da ribar asusun. Amma ribar ta yi ƙasa sosai, shi ya sa a 2018 majalisa ta yi dokar miƙa kusan dalar Ostiraliya biliyan 2 hannun Future Fund, hukumar zuba jari ta gwamnati, su juya.

Mai_shayi: Ni abin da ke cin raina, ƙasar kakanninka ce fa amma sai an sayo maka ita. Allah Ya sa kada 'yan siyasa su taɓa kuɗin.

Ɗalibar_lauya: Amin yaya, na gode.