Tumatir ya nuna min lokaci ɗaya, ya zan adana shi a kwalba?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu lambu da iyayenmu mata a taimaka min da shawara. Bana na shuka tumatir a bayan gida wajen gindi 60, rabi a ƙasa rabi a buhunan siminti, na dasa farkon Nuwamba kuma Alhamdulillah sun yi 'ya'ya fiye da yadda na zata. Matsalar duk sun tashi nuna lokaci ɗaya, satin nan kaɗai na cire bokitin fenti huɗu, na raba wa maƙwabta har sun fara cewa ya isa tunda yanzu tumatir ya yi arha kowa yana da shi, ga wuta ba zama take ba balle in ce firiza. Bara na gwada na kwalba, na markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa na tafasa na ɗura a kwalaben mayonis na zuba mai a sama, ko wata ba a yi ba murfi ya kumbura, ina buɗewa sai kumfa da wari, haka na zubar da kwalba bakwai ina ji ina gani. A ina na kuskure? Sannan wane iri zan nema baɗi wanda ba zai min wannan ambaliyar ba?

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai aikin rabi kika yi, tafasa biyu ake. Na farko ki zaɓi masu kyau, duk wanda ya fashe ko ya fara laushi ki ware shi a yi miyar yau da shi, kar ki ce asara, guda ɗaya sai ya ɓata miki tukunya. Ki markaɗa ki ɗora a wuta ba murfi har ruwan ya tsane ya yi kauri. Kwalaben ki wanke ki dafa su da murafensu, ki ɗura da zafinsa kwalbar ma da zafinta in ba haka ba fashewa za ta yi, kar ki cika taf ki bar wajen faɗin yatsa ɗaya a sama, ki goge bakin ki ɗaure. To sai tafasa ta biyu wadda ita ce baki yi ba, ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya ki jera kwalaben ki zuba ruwa mai ɗumi ya shanye kansu gaba ɗaya, in ya fara tafasa sannan ki fara ƙirga lokaci, ni minti 45 nake ba su. In sun huce washegari ki danna tsakiyar murfin, wanda ya lotsa ciki bai motsa ba ya kama, wanda yake ƙas ƙas ki yi amfani da shi a kwana biyun nan. Kuma murfin da ya yi tsatsa ko robar cikinsa ta cinye ki jefar. Ni a haka nake kaiwa har damina lokacin da tumatir ke gagarar talaka.

Ɗan Kura mai lambu:
Hajiya ta gama magana a kan kwalba, ni bari in taɓa ɓangarenmu. Maman Khalifa in Roma ko UC82B kika shuka to ba laifinki bane, haka halittarsu take, su tsaya da tsawo su yi fure su zuba 'ya'ya kusan lokaci guda, don dama saboda kamfanonin tumatirin gwangwani aka fito da irinsu, a cire a loda mota a wuce. Kuma in kwalba ce manufarki sune daidai, su da UTC, nama gare su ba ruwa ba, ba za ki ƙarar da gawayi wajen tsane su ba. Kar ki canza iri, ki canza tsari, maimakon gindi 60 rana ɗaya ki yi reno kashi uku ki bar sati biyu ko uku tsakani. Amma kar ki ja shi da yawa, wanda zai yi fure cikin zafin Afrilu furen kakkaɓewa yake.

Mu nan wajen Kadawa da Garun Malam abin da kike kuka da shi a bokiti mu a kwando muke ganinsa, ki je Kwanar Gafan watan Fabrairu ki ga yadda kaya ke jibge ana jiran motocin Legas. Wani abu kuma ki riƙa duba ganye, in kika ga wani fari fari kamar an yi zane a cikin ganyen to sharon ce, tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta, wadda ta cinye gonaki a 2016 har Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A gida da gindi kaɗan tsinke ganyen ki ƙona ya fi miki feshi. In ledar irin an rubuta F1 kar ki ajiye 'ya'yansa don shuka, ba zai fito kamar uwarsa ba.

Anti Jos:
Ni inda zan tsaya shine albasa da tattasan nan da kika haɗa, da man da kika zuba. Abin da ke tsare tumatir a kwalba tsaminsa ne, albasa da tattasai da attaruhu basu da tsami, kina haɗawa kin rage masa ƙarfi. Akwai ƙwayar cuta da ke zama a ƙasa, botulizim ake kiran ciwon da take sawa, tafasar ruwa bata kashe ƙwanta, kuma inda ba iska ba tsami nan take so, wato cikin rufaffiyar kwalba ko ƙarƙashin mai. Naki ma kin yi sa'a ya nuna kansa da kumfa, wani sa'in ba wari ba komai. Shi yasa ake cewa tumatir zalla, a sa ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya a kwalbar rabin lita, biyu a ta lita ɗaya, kayan miyan ki haɗa ranar girki. Lokaci ma ba ɗaya bane ko'ina, mu nan Jos muna kan tudu sama da mita 1,200 ruwa na tafasa tun bai kai zafin na Legas ba, don haka ni nakan ƙara minti 10 a kan nata Hajiya.

Hajiya Inna:
To 'yar boko, ni dai shekara da shekaru ina sa tattasai kaɗan don ja kuma ba abin da ya samu kowa, Allah ne ke tsarewa. Amma albasa kam gaskiyarki, ita ke fara lalata abu. Lemon tsamin ba zai sa miya tsami ba kuwa?

Anti Jos:
Allah ya ƙara tsarewa Hajiya, ba gardama nake ba wlh. Tsamin in an soya yana raguwa, in ya dame ki ki sa 'yar kanwa a tukunyar miya ranar girki, amma kar a kuskura a sa kanwa cikin kwalba, ita kashe tsami take, an koma gidan jiya kenan. Kuma duk kwalbar da aka buɗe a tafasa abin cikinta sosai kamar minti 10 kafin a kai baki, wadda ta kumbura kuma ko ɗanɗanawa kar a yi.

Baban Nana Damagaram:
Ikon Allah, duk kun manta da kauda? Ga hunturu ga rana kyauta, ba gawayi ba kwalba. A yanka biyu a barbaɗa gishiri kaɗan a shanya cikin yana kallon sama, kwana huɗu zuwa sati ya bushe ƙarau. Abin da ke ɓata sunan kauda shanya a ƙasa ne, yashi da ƙura da awaki, ke ki samu tabarma ko raga ki ɗora a kan wani abu mai tsayi ki rufa da gidan sauro, da yamma ki shigar ɗaki saboda raɓa. Uwargidana jiƙa shi take da ruwan zafi ta kai markaɗe, miyar tafi duhu kam ban musa ba amma da tuwo ba ka cewa komai.

Maman Khalifa:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba ledar, Roma VF ne ashe. Gobe in sha Allahu zan yi kwalba shida zalla da lemon tsami, sauran in gwada kauda a saman kwano. Malam Ɗan Kura saura tambaya ɗaya, 'ya'yan wasu na cikin buhu ƙasansu na yin baƙi ya lotsa tun suna ɗanye, shima sharon ɗin ce?

Ɗan Kura mai lambu:
A'a wannan ba tsutsa bace, ban ruwa ne. Buhu saurin bushewa yake, yau ƙasa ta bushe gobe ki cika ta da ruwa, sai sinadarin kalsiyam ya kasa kaiwa ƙarshen ɗan, kuma dogayen nan irin Roma sun fi yi. Ki riƙa ba su safe da yamma daidai gwargwado, ki rufa saman buhun da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, waɗanda suka riga suka yi baƙin ki tsinke su kawai.